Excel, manhajar akanta, Odoo ko SAP: wanne ya dace da kasuwancinka?

Akwai matakin da kasuwanci ke kaiwa mai shi ya kasa riƙe shi a ka. Shago ɗaya ya zama uku, an kama sito a wata unguwa, yaran shago sun kai goma, masu karɓar kaya bashi daga Gusau da Maraɗi da Maiduguri sun cika littafi biyu. Da safe dillali ya bugo waya, ga tirelar sukari a farashi mai sauƙi, yana son amsa kafin azahar. Kafin ka ce a kawo ko a bari, sai ka san buhu nawa ya rage a sito, nawa za ka iya karɓowa daga hannun mutane cikin makon nan, kuma wanda ka sara a baya kwana nawa ya yi kafin ya ƙare. In sai ka kira mutum huɗu kafin ka ji waɗannan, kowa kuma ya ba ka adadi daban, to da ka kake yanke shawara, ba da lissafi ba.

A nan ne ake fara jin shawarwari iri-iri. Ɗanka da ya gama jami'a ya ce Excel ya isa. Akanta ya ce a sayi Sage ko Tally. Wani matashi ya zo da kwamfuta ya nuna maka Odoo. Abokinka mai masana'anta a Sharaɗa ya ce shi SAP yake amfani da shi. Kowannensu yana da gaskiyarsa, sai dai kowa takalmin ƙafarsa yake auna maka.

Ma'aunin da zan bi

Na farko kuɗi, kuma ba kuɗin saye kaɗai ba. A haɗa da na wanda zai girka, na koyar da ma'aikata, na kwamfutoci da wuta da data, da abin da za a riƙa biya duk wata ko duk shekara. A kuma tambaya da wane kuɗi ake biya. Wanda ya ɗauki manhajar biyan dala a farkon 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin gwamnati, ya wayi gari a farkon 2024 tana sama da 1,500. Manhajar ba ta ƙara komai ba, kuɗinta ya ninka uku.

Na biyu ƙarko. Shin za ta iya ɗaukar kasuwancin in ya ninka? Kamfanin da ya yi ta zai ci gaba da kula da ita? In ka so barinta, za ka iya kwashe bayananka ka tafi da su?

Na uku sauƙi, kuma sauƙin da nake nufi na yaron da ke tsaye a kanta ne, ga mutum shida suna jira, ba na akanta da ke zaune a ofis ba. Duk abin da bai shiga na'ura a lokacin ciniki ba, da wuya ya shiga daidai da yamma.

Na huɗu haɗari: ɓatan bayanai, sauya adadi a ɓoye, da tsayawar aiki in wuta ko sabis ya ɗauke. Wannan ba hasashe ba ne. A watan Maris na 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun katse a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna suka ji a jikinsu. A Oktoba na shekarar kuma yawancin jihohin Arewa sun yi kwanaki cikin duhu bayan matsalar da ta sami manyan layukan wuta. Ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 da ambaliyar Kantin Kwari ta 2022 a Kano, waɗanda suka nuna abin da kan sami littafi ko kwamfutar da ba ta da kwafi a wani wuri.

Na biyar shi ne ya fi damuna: wace tambaya manhajar za ta amsa maka da safe ba tare da ka jira kowa ba?

Excel da Google Sheets

Waɗannan manhajojin jadawalin lissafi ne masu layuka da gurabe, kuma kada a raina su. Kasuwanci da yawa masu juya miliyoyi a kansu suke tafiya, kuma lafiya lau. Kuɗinsu kaɗan ne, Google Sheets kyauta ne ga mai asusun Google, akwai kuma LibreOffice da ba a biyan ko sisi. Samun wanda ya iya su ba wuya. Excel yana aiki ko babu intanet. Kana iya tsara shi yadda ka ga dama: katan, rol, ƙwaya, bashin wane, kuɗin 'yan dako.

Wannan 'yancin shi ne kuma rauninsa. Kowa na iya goge adadi ya rubuta wani, kuma in fayil ne da ake aikawa ta WhatsApp, ba za ka san wa ya taɓa shi ba. Google Sheets ya ɗan fi a nan, domin yana ajiye tarihin gyare-gyare, amma yana son sabis. Babbar matsala ita ce ciniki da sito da bashi ba sa magana da juna. An sayar da katan hamsin a shago, sai wani ya tuna ya rage su a shafin sito, wani kuma ya ƙara su a shafin bashi. Mantuwa ɗaya ta isa ta raba lissafin gida biyu.

Girma ma yana da iyaka, kuma ba ya gargaɗi kullum. A Oktoba 2020 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta gano cewa sakamakon mutum 15,841 da suka kamu da korona bai shiga ƙididdiga ba, saboda an yi amfani da tsohon tsarin fayil na Excel wanda layukansa ba sa wuce 65,536. Hukuma ce mai ƙwararru, amma ta yi kwanaki tana aiki da adadin da bai cika ba.

Manhajojin akanta: Sage 50, Tally, QuickBooks, Zoho Books

Waɗannan an gina su a kan ƙa'idar lissafi mai gefe biyu, wato duk abin da ya fita daga wani wuri sai ya bayyana a wani. Da zarar an rubuta rasit, kaya sun ragu, bashin mai saye ya ƙaru, ciniki ya shiga. Suna fitar da riba da faɗuwa, da jerin masu bashi gwargwadon daɗewar bashinsu, da lissafin harajin VAT wanda yake kashi 7.5 cikin ɗari tun Fabrairun 2020. Banki ko odita in ya nemi takardu, da sauƙi a ba shi.

Sun rabu gida biyu. Sage 50, wanda tsofaffin akantoci har yau suke kira Peachtree, da Tally na ƙasar Indiya, ana girka su a kwamfutar ofis, suna aiki ko sabis ya ɗauke. Tally yana da lasisin mutum ɗaya da na mutane da yawa, ana saye sau ɗaya, sannan a riƙa sabunta kuɗin kulawa. Yana da sauri ƙwarai a hannun wanda ya saba da shi, amma sabon shiga yakan sha wuya a makonnin farko. Haɗarinsu guda ne: komai yana cikin kwamfuta ɗaya. In ba a kwafe bayanan kullum ana ajiyewa a wani wuri, ɓarawo ko gobara ko ƙwayar cutar kwamfuta na iya tafiya da lissafin shekara biyar. Ina kuma roƙon mai karatu ya guji kwafin sata da ake girka wa mutane a kasuwa da 'yan kuɗi kaɗan. Ranar da ya lalace babu wanda za ka kai wa kuka.

QuickBooks Online da Zoho Books kuwa a intanet suke zaune. Kana Makka ko Dubai kana ganin cinikin yau a wayarka, kuma gobara ba ta cin bayanan. Ana biya duk wata ko duk shekara. Zoho yana da ofis a Legas, yana kuma karɓar naira, wanda ba ƙaramin sauƙi ba ne ga mai tsara kasafin shekara. A ɗaya gefen, makomarka tana hannun kamfanin. Intuit, mai QuickBooks, ya janye manhajar daga Indiya a 2023, masu amfani da ita a can dole suka kwashe bayanansu suka nemi wani wuri.

Inda dukkansu suke fara gajiya shi ne in sito ya yawaita, ko ana sarrafa kaya. Mai casar shinkafa yana son sanin buhu ɗari na shanshera buhu nawa na tsaba ya bayar, nawa ya tafi a dusa da karyayya, nawa gas da leburori suka ci. Wasu daga cikinsu suna taɓa wannan, amma asalinsu don akanta aka yi su, ba don mai kula da inji ko sito ba.

Odoo da ERPNext

Daga nan aka shiga abin da masana ke kira ERP, wato manhaja guda da ta haɗa saye, sayarwa, sito, lissafi, ma'aikata da sarrafa kaya a rumbun bayanai ɗaya. Odoo ɗan Beljiyam ne, Fabien Pinckaers ya fara shi a 2005 da sunan TinyERP, ya koma Odoo a 2014. ERPNext na kamfanin Frappe ne da ke Mumbai. ERPNext da samfurin Odoo na kyauta a buɗe rubutun da aka gina su da shi yake, duk mai ilimin abin yana iya dubawa ya gyara.

A nan zan daɗe, domin a nan ne yawancin 'yan kasuwarmu masu matsakaicin ƙarfi suke samun abin da suke nema, a nan ne kuma suka fi ƙonewa.

Abin da suke bayarwa yana da yawa. Kowane sito da lissafinsa, kuma kaya ba sa tashi daga wannan zuwa wancan sai da takardar fita da ta shiga. Ana saye da katan a sayar da ƙwaya, manhajar ta yi canjin da kanta. Ana sa wa kowane mai karɓar bashi iyaka, in ya kai ta a ga gargaɗi ko a nemi izinin uban gida. Ana raba kuɗin mota da kwastan da dako a kan kayan da aka kawo, sai ka ga ainihin abin da buhu ya tsaya maka, wanda sau da yawa ya fi abin da ke kanka. Mai sayar da magani ko madara yana ganin kayan da ranar lalacewarsu ta kusa. Mai hulɗa da Nijar ko Chadi yana riƙe asusu da sefa da naira tare. Kowane ma'aikaci da ƙofar da aka buɗe masa: mai sayarwa ba ya ganin farashin sari, mai sito ba ya taɓa kuɗi, kuma manhajar tana rubuta sunan wanda ya yi gyara da lokacin da ya yi. In shekara ta zagayo za a fitar da zakka, ƙimar hajar da ke ƙasa da bashin da ake sa ran biya suna nan a rubuce, ba sai an rufe shago kwana biyu ana ƙirga ba.

Bambancinsu yana wajen kuɗi. ERPNext kyauta ne gaba ɗayansa, ba a biyan kuɗin kowane ma'aikaci, abin da za ka biya shi ne wurin ajiye shi, ko a intanet ko a babbar kwamfutar ofis, da ladan mai girkawa. Odoo iri biyu ne: Community na kyauta, da Enterprise da ake biya a kan kowane mai amfani. Cikakken sashen lissafin kuɗi yana cikin na biyan, wannan kuwa ba kowane mai tallata shi ke faɗa maka tun farko ba. A nawa ganin Odoo ya fi daɗin kallo da saurin sabo ga yaran shago, kuma shafinsa na ciniki yana iya ci gaba da karɓar saye in sabis ya ɗauke na ɗan lokaci, ya aika in ya dawo. Amma yana fitar da sabon zubi duk shekara, kuma duk gyaran musamman da aka yi maka sai an sake duba shi in za a hau sabon. Wannan kuɗi ne da ke dawowa.

Kalmar kyauta ita ke yaudarar mutane. Manhajar kyauta ce, aikin girka ta ba kyauta ba ne. Sai an zauna an ba kowane kaya suna ɗaya tak, domin in yaro ɗaya ya rubuta "taliya babba" wani ya rubuta "taliya 500g", manhajar za ta ɗauke su kaya biyu. Sai an ƙirga sito ƙwaya-ƙwaya a ranar farawa. Sai an zauna da kowane mai bashi an daidaita adadi. Na ga wani kamfanin rarraba kayan masarufi da ya tsallake wannan mataki don gaggawa, aka zuba tsohon lissafi yadda yake. Bayan wata uku manhajar tana nuna akwai katan ɗari biyu na man girki a siton da babu ko galan. Uban gidan ya daina yarda da ita, yara suka koma littafi, kuɗin da aka kashe ya tafi. Laifin ba na manhajar ba ne, abin da aka ba ta shi ta riƙe.

Haɗari na biyu shi ne dogaro da mutum ɗaya. Matashin da ya girka maka in ya sami aiki a Abuja ko ya fita waje, wa zai karɓa? Kafin a fara, a rubuta yarjejeniya: kalmomin sirri na babban asusu suna hannunka, kwafin bayanai yana zuwa wurin da kai ka mallaka, duk gyaran da aka yi an rubuta bayaninsa. Wannan gargaɗin ya fi ƙarfi a kan manhajar da wani ya rubuta maka daga tushe shi kaɗai. Odoo da ERPNext aƙalla akwai dubban masu iya su a duniya, waccan kuwa mutum ɗaya ne ya san cikinta.

SAP Business One da Dynamics 365 Business Central

SAP kamfanin Jamus ne da tsofaffin ma'aikatan IBM biyar suka kafa a 1972, Business One kuma shi ne samfurinsa na ƙanana da matsakaitan kamfanoni. Business Central na Microsoft ne, ya samo asali daga Navision na ƙasar Denmak da Microsoft ya saya a 2002, kuma yana tafiya da Excel da Outlook ba tare da wahala ba. Ta hannun wakilai masu lasisi ake girka su. Ƙarkonsu ba abin shakka ba ne, tsaronsu na ciki yana da ƙarfi, masu zuba jari da manyan oditoci sun san su. Kamfanin da cinikinsa ya kai naira biliyan 5 a shekara, wanda tun 2025 hukumar haraji ta tarayya ta fara neman irinsu su riƙa aika rasitansu ta na'ura, zai fi samun wakilin da ya riga ya yi wa wasu wannan haɗin.

Kuɗin ne mai nauyi. A 2024 cikakken lasisin Business Central dala saba'in ne zuwa sama a kan kowane ma'aikaci duk wata, kuma ladan masu girkawa yakan fi kuɗin lasisin shekarar farko. Yawancin ƙwararrun suna Legas, zuwansu Kano ko Sakkwato da kuɗin jirgi da masauki ne.

Suna kuma da sharaɗin da ba a rubuta a takardar farashi: kai za ka bi tsarinsu. Lidl, babban kamfanin kantunan Jamus, ya shafe kimanin shekara bakwai yana ƙoƙarin lanƙwasa babbar manhajar SAP ta bi yadda ya saba ƙimanta hajarsa, ya haƙura a 2018 bayan kashe abin da jaridu suka ƙiyasta da Yuro miliyan 500. Hershey, mai yin cakulan a Amurka, ya kunna sabon tsarinsa a 1999 dab da lokacin da ya fi ciniki, ya kasa isar da odar kusan dala miliyan 100 alhali kayan suna jibge a sito. Darasin Hershey ya shafi duk wanda zai sauya manhaja, babba ko ƙarama: kada a yi shi ana gobe azumi ko ana shirin sallah, mai hatsi kuma kada ya yi shi da kaka.

| Zaɓi | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Excel, Google Sheets | Kaɗan ko kyauta | Yana gajiya in rassa sun yawaita | Mai sauƙi | Sauya adadi, lissafi ya rabu |
| Sage 50, Tally | Matsakaici | Mai kyau a ofis ɗaya | Sai akanta | Komai a kwamfuta ɗaya |
| QuickBooks, Zoho Books | Biyan wata ko shekara | Yana hannun kamfanin | Mai sauƙi | Ɗaukewar sabis, tashin dala |
| ERPNext, Odoo | Lasisi kyauta ko matsakaici, girkawa da tsada | Yana girma da kasuwanci | Sai an koyar | Girki mara kyau, dogaro da mutum ɗaya |
| SAP Business One, Business Central | Mai yawa | Mai ƙarfi sosai | Sai horo na musamman | Aiki ya ja lokaci, kuɗi ya zarce kasafi |

Wa ya kamata ya ɗauki wanne

In shagonka ɗaya ne ko biyu, kai kake zama a kan kuɗi, kayanka ba su wuce iri ɗari ko biyu ba, tsaya a Excel ko Google Sheets. Ka sa mutum ɗaya ya riƙa shigarwa, ka kulle gurabun lissafi, ka ƙirga kaya duk wata ka gwada da abin da ke rubuce. Wannan horon shi zai sauƙaƙa maka hawa mataki na gaba in lokacinsa ya yi.

In damuwarka bashi ce da haraji da takardun banki, kana da akanta, sitonka ɗaya, manhajar akanta ta ishe ka. Inda sabis ba shi da tabbas, Tally ko Sage 50, da sharaɗin kwafe bayanai kullum zuwa wajen kasuwa. In kana yawan tafiya kuma intanet ɗinka tsayayye ne, Zoho Books, musamman don biyan naira. Asibiti mai zaman kansa, makaranta ko kamfanin kwangila da ba su da haja mai yawa su ma nan ne wurinsu.

In kana da sito biyu zuwa sama, ko rassa a garuruwa daban, ko kana sarrafa kaya kamar shinkafa, man gyaɗa ko ruwan leda, ka duba ERPNext da Odoo. Masu shiga manhajar in suna da yawa kuma kuɗi ya yi ƙaranci, ERPNext. In cinikin kan kanta ya fi yawa kuma kana iya ɗaukar kuɗin lasisi, Odoo Enterprise. Ko wanne ka ɗauka, ka nemi mai girkawa ya kai ka wurin da ya yi wa aiki shekara guda da ta wuce, ka yi magana da mai siton wurin ba tare da shi yana tsaye ba. Ka fara da saye da sayarwa da sito a reshe ɗaya, sauran su biyo baya.

In masana'anta ce mai ɗaruruwan ma'aikata, akwai abokan jari ko bashin banki mai nauyi, ana odita duk shekara, kuma akwai manajan da za ka ware wa wannan aiki shi kaɗai na tsawon watanni, to ka kira wakilan SAP Business One da na Business Central, kowa ya kawo farashinsa a rubuce na shekara uku cif, da lasisi da girkawa da horo da kulawa, ka ajiye su gefe da gefe da na Odoo kafin ka sa hannu.